Ɗigau da Ruwan Jego

Da ƙarfe shida na safe Ɗigau ya motsa a ƙarƙashin fatar Hajiya Marka, ya auna jininta, ya saki ɗigo uku na magani. Girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Shekara huɗu ke nan da aka dasa mata shi a ƙirji, tun da sankarar mama ta bazu zuwa ƙashi da hanta. Mutanen Birnin Tsauni suna ji da wannan na'ura, kuma da gaskiyarsu, don kafin a ƙera ta mai irin wannan ciwo ba ta cika shekara. Abin da allunan talla ba sa faɗa shi ne maganin yana fita ta gumi, gumin kuwa guba ne ga jariri.

Ana cikin haka 'yarta ta fari, Ramlatu, ta haifi mace, aka kawo ta gida wankan jego. Marka ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙen jikarta kamar baƙuwa. Washegari ta hau jirgin sama na unguwa sai asibiti, wajen Dakta Sallau, wanda ya dasa mata na'urar.

"Likita, hutu na zo roƙo. Kwana arba'in kacal. Yarinyar nan ta zo wanka."

"Hajiya, ba a kashe Ɗigau. Lissafi ya nuna hutun kwana arba'in zai rage miki wata bakwai."

"Watannin nawa ne ko naka?"

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Ai akwai injin wankan jego. Ya fi hannu iya daidaita zafi."

"Injin ne ya haife ta?"

Ya ce zai miƙa buƙatarta ga kwamiti, wanda zai zauna nan da wata uku. Marka ta yi godiya, don haka aka koya mata, ta fito ranta a ɓace.

Amma tsohuwa ba ta rasa dabara. Ta tuna bara da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, Ɗigau ya daina ɗiga har ta warke. Haka aka tsara shi: muddin zafin jiki ya haura, yakan riƙe magani don kada ya ƙarasa majinyaci. Idan kuma aka yi kwana uku cur babu magani, gumi ya tsarkaka.

Sai ta sa aka riƙa ɗora garwa biyu a wuta, ɗaya ta mai jego, ɗaya tata. Ta tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa jikinta, sau biyar a yini, ta fito ta ƙudundune a bargo kusa da garwashi. Fatar bayanta ta saɓule.

"Inna, don Allah ki bari, kashe kanki za ki yi," in ji Ramlatu tana kuka.

"Ke dai sha kununki. Jibi zan goya jikata."

Kwana biyu Ɗigau bai ɗiga ba. Bakinta ya dawo da ɗanɗano, har ta ci tuwo da miyar kuka ta suɗe kwano. A rana ta uku da hantsi, saura 'yan awoyi kwana ukun su cika, na'urar ta yanke hukuncin cewa zazzaɓin da ya ƙi sauka haka ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Ba ta tambayi kowa ba, ta kira asibiti. Motar asibiti marar direba ta sauka a tsakar gida, aka ɗauke Marka da ɗaurin ƙirji, zanin goyon da ta wanke yana shanye a igiya.

Mako shida ta yi a ɗakin killacewa, ana neman cutar da babu ita, ana jinyar ƙuna. Wata maƙwabciya ce ta ƙarasa wa Ramlatu wankan, aka yi arba'in, mijinta ya zo ya tafi da ita. Wannan ya fi ƙunar ci wa Marka rai.

Ranar sallama Dakta Sallau ya shigo da fara'arsa.

"Hajiya, kin yi mana babban aiki. Ashe mata sun fi ɗari uku suna wannan dabara a ɓoye, ba mu gano ba sai a kanki. Jiya mun sabunta duk na'urorin birni. Yanzu babu ruwan zafin da zai yaudari Ɗigau."

Marka ta tuno matan da take gani a layin asibiti, ashe kowace da garwarta, ita kuma ta toshe musu hanya.

"To yaushe zan ɗauki jikata?"

"Idan ta cika shekara biyu, gumin ba zai yi mata komai ba."

"Ni kuma nawa injinka ya ce ya rage min?"

Ya duba allon da ke hannunsa. Lambar tana nan, Ɗigau ba ya kuskure a lissafi. Ya kife allon a ƙirjinsa, ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya."