Lallen Gwangwanin Madara

Ranar da Muhajir ya kawo mini kyautarsa ta farko, faɗa muka yi. Samarin unguwarmu ta Alsawra turare suke kai wa 'yan matansu, shi kuwa gogan naka sai ga shi da wani ɗan tsiro a gwangwanin madara, yana ta washe baki.

"Wannan kuma fa? Asawaki ka kawo mini?"

"Lalle ne, Ni'mat, rabin raina. Ranar da ya isa tsinka, da shi za a yi mana ƙunshin biki."

Na zumɓure baki, amma wallahi zuciyata ta riga ta narke. Ya ce da fure mai ƙamshi ya so sayowa, sai ya tuna zafin garinmu Omdurman, a nan Sudan, ba ya ƙyale abu mai laushi, lalle kuwa akwai jure ƙishi. Ƙasar ma daga bakin kogi ya ɗebo ta, can Aljirif inda yake buga bulo. Ya yi ta kafa mini sharuɗɗa kamar mai ba da riƙon jariri: hantsi kawai zai sha, ruwa kaɗan, in ya miƙe in tsinke kansa don ya yi rassa.

Bai ga reshe ko ɗaya ba. Sojoji suka tare motar da yake ciki a bakin gada, suka sauke duk wani saurayi, wai aikin soja na dole. Daga sansani aka wuce da su Kudu, inda ake yaƙi.

Na tare a gindin lallen nan kamar zautacciya. In famfo ya ɗauke muka koma sayen ruwan mai jaki, mahaifiyata ta dinga faɗa ke nan, wai mutane ba su sha sun ƙoshi ba sai itace. Sai in rage nawa in zuba masa. Da ganyensa ya yi rawaya na sha kuka, ashe ruwan ne na cika masa. Ya fi ƙarfin gwangwani, na mai da shi cikin fasasshen tulu. Duk sabon toho sai in ce Muhajir yana raye. Na san shirme ne, to da me zan riƙe zuciyata?

Wata ranar Alhamis na jiyo ganga da lasifika daga layinsu. Na kwasa da gudu ko takalmi babu, ina cewa ya dawo... ya dawo!

Motocin hukuma ne da tutoci. Wani mai gemu riƙe da lasifika yana shela cewa yau Muhajir ango ne a Aljanna, auren shahidi aka zo yi, ba a kuka, murna ake yi. Gawa kuwa babu, tana can inda ya faɗi.

Mahaifiyarsa, Hajja Sittana, tana zaune bisa gado a tsakar gida, baƙin mata sun kewaye ta, idonta ƙamas. Ta yafito ni.

"'Yata, sun ce dole uwar ango ta sa lalle. Ba na son na kasuwa... ki kawo mini nasa."

Na koma gida na zage ganyen lallen tas, har ƙananan tohon. Na daka shi ɗanye, na dawo na durƙusa ina shafa mata a tafin hannu.

Mai lasifika ya ce uwar ango ta yi guɗa. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake gwadawa. Tsakar gidan ta yi tsit, kowa ya zuba mata ido. Ta damƙe yatsuna da hannunta mai lalle.

"Taimake ni, Ni'mat. Kallona suke yi."

Ban taɓa ƙin bin maganarta ba. Na miƙe, na kama hancina yadda ake yi, na ɗaga kai sama. Abin da ya fito daga bakina ba guɗa ba ce, ihu ne tun daga cikin hanjina, na yi ta yinsa har numfashina ya ɗauke.

Suka ɗauki kabbara, ganga ta ci gaba. Ina jin mai gemun nan yana gaya wa jama'a su dubi ƙarfin imanin yarinyar da ya bari.