Rodel da Karen Lola Pining

Ranar da Rodel ya fara ganin Dalisay, baya ya juya mata. Yana shiga gidansu a birnin Marikina na ƙasar Filifin sai Pancit, karen kakarta Lola Pining, ya yi tsalle ya dafe masa ƙirji. A sana'arsa ta rainon karnukan mutane, maganin kare mai rawar kai shi ne ka juya baya, ka naɗe hannu, ka yi kamar ba ka gan shi ba. Dalisay ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar nan ce kuwa ta tafi da zuciyarsa.

An ɗauke shi ne ya ladabtar da karen, don ya taɓa kayar da tsohuwar. Kafin wata ya zagayo, Dalisay ta fara kawo masa kofi da kanta.

Matsalar ta taso daga mahaifinta, Mang Tibo, wanda take kira Tatay. A al'adarsu, duk ɗan da ya samu tarbiyya, in ya ga babba sai ya sunkuya ya ɗora hannun babban a goshinsa. Shi Rodel da ya sunkuya karen zai haye shi, sai ya juya baya kamar kullum. Mang Tibo ya ga yaro ya ba shi ƙeya a cikin gidansa, ya rantse ba zai ba mara kunya 'yarsa ba. Ga kuma Jomar, ma'aikacin jirgin ruwa da shi ma yake neman aurenta, wanda ya iya gaisuwa da kawo tsaraba.

Dalisay ta turo wa Rodel saƙo: "Masoyina, Tatay ya ce kada in ƙara ambaton sunanka. Na kasa cin komai."

Ya mayar: "Ki ci abinci, hasken idona. Gaskiya ban ga mafita ba. Amma gobe zan zo wajen Pancit."

Ya yi ta zuwa. Ya gwada doguwar tafiya a bakin kogi, ya gwada lallashi da naman kaza, duk aikin baban giwa. Karen yana tsalle, uban yana tsaki, yarinyar tana ramewa. Abin tausayi ne ƙwarai.

Da ta matsa masa, ya kawo iyayensa neman aure, uwarsa riƙe da tukunyar miyar nama da suke kira adobo, ba don yana sa rai ba. Ba su gama zama ba Pancit ya tsinke igiya, ya ture tukunyar a kan farar rigar Mang Tibo. Rodel ya durƙusa ya rungume karen har ya lafa, sannan ya ce wa uwarsa a hankali, "Nanay, tashi mu tafi. Shi ke nan."

"Zauna," in ji Lola Pining. Ta dubi ɗanta. "Tibo, wancan na jirgin ruwa na ga ya shuri karen nan da ya zaci ba kowa. Wannan kullum sai karen ya kunyata shi, ka taɓa ganin ya ɗaga masa hannu? 'Yarka ma ba jin magana take ba, halinka ta ɗauko."

Mang Tibo ya daɗe yana goge miya daga rigarsa, Dalisay na hawaye a bayan labule.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce. "In ka ɗauke ta, ka haɗa da karen."

Aka ɗaura aure a coci, Lola ta dafa kansu ta sa musu albarka, ta roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da haƙuri mai yawa. Haƙurin dai za su buƙace shi, don har yau Pancit bai daina tsalle ba.