Ranar da Malam Sila Ya Sa

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, motar Gumel ta cika maƙil har da buhunan dabino a kan cinyoyin mutane. A shekarar azumin Musulmi da na Kirista sun haɗu a wata guda, don haka babu mai ƙarfin surutu. Kowa ya yi laƙwas, ana jiran rana ta faɗi.

Kyauta tana kujerar baya. Malamar firamare ce a Gumel, kuma tun tana ƙarama aka san ta da ciwon tambaya. Da ƙarfe shida ya yi ta duba agogonta, ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a, domin a cocinsu a wannan lokacin ake shan ruwa. Amma ba ta buɗe gorarta ba. Saura rabin awa a kira magariba, kuma ba za ta iya kurɓar ruwa a gaban mutane masu jin ƙishi irin nata ba.

Tana ɗago kai ta ga saurayin da ke gefenta shi ma ya duba agogo, ya rufe ido, leɓɓansa sun motsa, sannan ya ɗora gorarsa a gwiwa yana jira. Hula da kaftani ne a jikinsa kamar kowa. Ta yi ƙoƙarin kama bakinta, ta kasa.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "kai ma na ƙarfe shida ne?"

Ya dube ta, ya dubi gyalenta, ya dubi gorar hannunta, sai murmushi ya suɓuce masa.

"Ashe mu biyu ne a motar."

Sunansa Ɗantsoho, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, duk Alhamis yana zuwa kara, kasuwar dabbobi, duba shanu da raƙuma daga Gagarawa Tasha. Kafin direba ya tsaya a yi salla, Kyauta ta riga ta tambaye shi yadda ake yi wa raƙumi allura bai cije mutum ba, da dalilin da ya sa aka raɗa masa sunan tsofaffi. Ya ce mahaifinsa ya manyanta aka haife shi. Da aka sha ruwa wata dattijuwa ta miƙa musu dabino uku-uku, suka karɓa da godiya. A tashar Gumel ya nemi lambarta, ta yi kamar tana tunani, alhali tun a hanya take fargabar kada ya manta.

Saƙonsa na farko ya iso washegari da hantsi:

"Malama Tambaya, ina fata kin isa lafiya. Akwai sauran amsoshi a wurina, kada su lalace."

Ta mayar masa: "Tsohona, ajiye su a inuwa. Ina da sababbi goma."

Daga nan sunayen suka zauna. Wata goma suka yi a haka. In ya taso daga Maigatari sai ya tsaya Gumel, su zauna a dakalin ƙofar gida tana gyara takardun yara yana ba ta labarin dabbobi. Kyauta ta kamu sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Akwai wani Istifanus, shugaban mawaƙan coci, mai sabon babur da turare mai hawa kai, wanda ya daɗe yana kai gwauro yana kai mari a layin. Mahaifinta, Baba Irmiya tela, yana son Istifanus. Ita kuwa ta taɓa tambayarsa abu uku ya amsa mata da waƙa, daga ranar ta cire shi a lissafi.

Bayan Kirsimeti Ɗantsoho ya shiga gaida Baba Irmiya a shagonsa. Ya durƙusa, aka gaisa cikin fara'a, har dattijon ya tambaye shi ɗan wane ne a Gagarawa. Ɗantsoho ya ce ɗan Malam Sila ne, wanda ya taɓa zama mai bishara a Ɗanzomo.

Keken ɗinki ya tsaya cak.

"Tashi ka je, yaro," in ji Baba Irmiya. "Ba ka yi mini komai ba. Amma 'yata ba za ta shiga gidan nan ba."

Da Kyauta ta matsa masa daga baya sai ya ce maganar ta mutu. Ita kuwa ba a kashe mata magana haka. Ta bi mahaifiyarta Hannatu madafa, ta tsare ta da ido har ta gaji ta ba ta labari.

A shekarar da ake jiran shiga dubu biyu, su Baba Irmiya suna Ɗanzomo, sabon aure, manomi ne mai ƙarfi. Malam Sila ya duƙufa kan annabce-annabcen ƙarshen zamani, ya haɗa wannan da wancan, ya fito ya ce ya gano: daren ƙarshe na shekara Almasihu zai dawo. Fastoci daga Kano sun gargaɗe shi cewa Almasihu da kansa ya koyar babu wanda ya san ranar, bai ji ba. Yawancin 'yan coci sun saurara sun koma harkarsu. Irmiya kaɗai ya ɗauka da gaske. Bayan kaka ya buɗe rumbunsa ya rabar da geron shekara kaf, ya ce babu mai cin tuwo a sama.

Sabuwar shekara ta zo, rana ta fito kamar kullum. Yunwar da suka sha ba ita ta fi ci masa rai ba, in ji Hannatu, don maƙwabcinsu Ɗalha ya yi ta aiko musu da hatsi a ɓoye. Dariyar mutane ce. Yara suka sa masa suna Tashin Duniya, in ya wuce majalisa sai a tambaye shi ko an ɗaga ranar ne. Kafin damina ya kwashe matarsa suka dawo Gumel, bai sake taka Ɗanzomo ba.

Kyauta ta tura wa Ɗantsoho labarin duka. Kwana biyar babu amsa, ranar Alhamis ma bai tsaya ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta rantse ba za ta sake duba wayar ba, tana rantsuwar tana dubawa. A na shida saƙo ya shigo:

"Malamata, kunya ce ta hana ni magana, ba wani abu ba. Na tambayi Baba, ya ce duk gaskiya ne. Tun tasowata shara na san yana yi a coci, ban taɓa ganinsa ya hau mumbari ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Da ke ce, da kin tambaya. Ina sonki, amma ba zan raba ki da mahaifinki ba."

Ta rubuta: "Tsohona, kada ka sake yi mini shiru. Saura tambaya ɗaya, kuma ba kai zan yi wa ba."

Azumi ya sake zagayowa. Baba Irmiya ba ya wasa da shi, kwana arba'in cif yake yi duk shekara. Wata ranar da yamma, an shimfiɗa tabarma, an ajiye kunu da ƙosai, shi ne ya ja addu'ar da Almasihu ya koya wa almajiransa. A nan Kyauta ta lura da abin da ta saba ji tun tana yarinya ba ta taɓa kawo komai ba. Duk sa'ad da aka zo wurin roƙon Allah ya yafe mana kamar yadda muke yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai Baba ya yi tari, ya bar su su faɗa, ya kama daga gaba.

Ta bari ya sha kunu tukuna.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yaushe kika fara neman izini?"

"Tarin nan da kake yi a tsakiyar addu'a, mura ce?"

Hannatu ta ajiye ludayi. Baba Irmiya ya dubi kofinsa ya ce shi ba ya iya yi wa Allah ƙarya, shi ya sa yake tsallake wurin. Kyauta ta ce to azumin fa, in wurin nan a tsallake yake, me ake kaiwa gaban Allah, yunwar kawai? Ya tashi ya shige ɗaki. Mako biyu bai yi mata magana ba, ta kuma yi nadama ƙwarai, don tana son mahaifinta kuma ta san ta taɓa masa inda yake ciwo.

Ranar Jumma'ar tunawa da gicciye Almasihu, da sassafe, ya fito da babbar riga ya ce ta shirya. Gagarawa za su. Ya gargaɗe ta kada ta sa rai, zai je ne ya faɗa wa mutumin abin da ya daɗe yana cinsa, ido da ido.

Sun tarar da wani tsoho siriri a harabar ƙaramin coci, ya duƙa da tsintsiya, Ɗantsoho yana kwashe masa shara. Idon Malam Sila ya yi rauni, amma sallama ɗaya ya ji tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Irmiya ne?"

"Ni ne, Malam."

Tsohon ya dafa ƙasa ya durƙusa. Ya ce abin da bai sani ba ya ce ya sani, kuma da sunan Allah ya faɗa. Ya ce sau uku yana zuwa Gumel har bakin layin teloli, ƙafarsa ta ƙi ƙarasawa.

Jawabin da Baba Irmiya ya shekara ashirin da shida yana shiryawa ya watse. Abu ɗaya ya rage masa, wanda ashe shi ne ke hana shi sakat.

"Malam, tsakaninka da Allah. Naka rumbun, ka buɗe?"

Duk shekarun nan Baba Irmiya ya ɗauka mutumin ya tura shi ne ya kulle nasa rumbun. Malam Sila ya ce ya buɗe, har da akuyoyi biyu da kwanon rufin ɗaki ya bayar. Matarsa tana da cikin yaron nan a lokacin, tafasa da dusa suka ci har kaka, kuma ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu.

Baba Irmiya ya dubi Ɗantsoho, ya dubi tsohon da ke ƙasa. Ya sunkuya ya kama hannuwansa biyu ya ɗaga shi, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ba ni kaɗai ba ne wawan. Na yafe, Malam. Ni ma ka yafe mini, na daɗe."

Kyauta ta juya baya tana share fuska da gyale. Karo na farko a rayuwarta ba ta da abin tambaya.

Bayan Ista, bikin tashin Almasihu, dangin Ɗantsoho suka zo Gumel da goro da alewa. Da aka zo maganar lokacin biki, Baba Irmiya ya ce Malam Sila ne babba, shi zai faɗa. Tsohon ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, ku rufa mini asiri. Na taɓa sa rana, kowa ya ga yadda ta ƙare."

Aka yi dariya har Hannatu na riƙe ciki, Baba Irmiya ya fi kowa. Da ya nutsu ya ce waccan ranar ta Allah ce, ba a ba kowa ba, amma wannan tasu ce, kuma yana so ya ga Malam ya sa wadda za ta zo. A hankali Malam Sila ya ce Asabar ta biyu bayan an gama yankan gero.

Ranar ta zo. Coci ya cika, maƙwabta Musulmi suka cika rumfunan waje, Ɗalha ya taso tun daga Ɗanzomo da buhun sabon gero a bayan babur. Istifanus ya ja waƙa, kuma a yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Da aka gama ɗaurin aure fasto ya roƙi Malam Sila ya sa wa yaran albarka. Ya ƙi hawa mumbari, sai Baba Irmiya ya kama hannunsa ya hau da shi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka," in ji tsohon. "Ya cika muku rumbu. In kun saɓa, kada ku kai shekara irin tamu, ku shirya kafin tuwo ya huce."

Jama'a suka amsa da amin, Ɗantsoho ya matse hannun amaryarsa, ita ma ta matse nasa.