Zirin da ba a noma

Hafsatu na surfen gero a tsakar gida sai ga mahaifiyarta, Inno, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ɗauko mayafinki mu tafi. Yayanki Alkasum ya sa garma a Ziri."

Taɓarya ta suɓuce wa Hafsatu. Ziri wani siririn daji ne tsakanin Tudun Modu, garin iyayenta, da Rijiyar Idris, garin mijinta Safiyanu, kudu da Zinder. Tun zamanin sarakunan Damagaram, bayan wani faɗan gona da aka yi asarar rayuka, kakanni suka rantse ba mai noma shi, don kada gonar wannan ta taɓa ta wancan.

"Inno, da tsohon cikin nan zan bar ɗakina?"

"Gara ki haihu a gabana. Na wuce maƙerarku, ba hauya ake wasawa ba."

Tana kuka aka tafi da ita.

Da Safiyanu ya dawo, mahaifinsa ya tare shi a zaure.

"Gobe za mu tuge shukarsu, mu shuka tamu. Ka ɗauki takobi ka bi 'yan uwanka, ko ka saki 'yar mutanen nan. Zaɓi."

"Baba, ka gafarce ni. Zan je, amma hannu sake. Matata kuma ba ta yi mini laifi ba."

Samari suka yi ta kiransa mijin-ta-ce.

Da hantsi garuruwan biyu suka yi sahu, kowa a bakin nasa gefen. Hadari ya haɗo, ko tsuntsu ba ya kuka. An aika a kira jandarma, amma hanya ta ɓaci da ruwa. Safiyanu ya ratsa mutanensa ya zauna a tsakiyar Ziri. Wani ya wurgo dutse ya fasa masa goshi. Jini na zuba, bai motsa ba.

Sai ga Hafsatu ta fito daga ɗaya sahun, tana dafe da ƙugu, ta zauna kusa da shi.

Alkasum ya daka mata tsawa. "Tashi daga nan, Hafsatu!"

"Yaya, abin da ke cikina jininku ne, jininsu ne. In zubarwa za a yi, ku fara da shi."

Mahaifin Safiyanu ne ya fara mayar da takobinsa kube. Alkasum ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, sannan ya juya ya kwance shanunsa daga garma. Geron da ya shuka, dattawa suka bar wa dabbobin makiyaya.

Ranar suna garuruwan biyu suka ci tuwo a akushi ɗaya, ko da yake har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Zumunci kuwa yana son 'yar tazara, wanda ya cinye ta ya cinye zaman lafiyarsa.