Buzun Malam Illo

Amatullahi na zaune a layi na uku lokacin da muryar mahaifinta ta fito daga lasifika.

Marwan ne tsaye gaban allo, ɗan garin Isa, ɗan ajinsu, wanda magabatansa za su je garinsu Tsamaye neman aurenta bayan sallah. Aikinsa na kammala digiri yake gabatarwa, kan yadda mutane ke ɗaukar harshensu. Ita ta kai shi zauren mahaifin nata, Malam Illo, lokacin hutu. Tsohon ya sauka daga buzunsa ya ba shi, abin da bai taɓa yi wa baƙo ba, ya yi masa hira da Gobiranci tsantsa.

Yanzu aji ya fashe da dariya. 'Yan Sabon Birni, waɗanda da wannan harshen aka goye su, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa.

A allo an rubuta da Turanci: tsoho, manomi, bai yi karatu ba.

Shekara arba'in Malam yana karantar da fiƙihu da nahawu.

Marwan ya yi murmushi, ya jira dariyar ta lafa, ya ci gaba.

A waje ya tare ta. Ya ce fom ɗin gida uku gare shi, firamare, sakandare, jami'a, babu gurbin zaure. Ya ce malamin da ke duba aikin ba ya son gardama.

"Haba masoyiyata... takarda ce fa."

"Buzu nai ya ba ka, Marwan."

"Za ni gyarawa in na samu wuri, wallahi."

Ta jira sati biyu. Aka ɗinke kundin yadda yake.

Da ta koma gida, Malam ya tambayi labarin ɗansa Marwan. Ta ce ya ci, shi ne ma na ɗaya. Tsohon ya yi hamdala, fuskarsa ta washe.

"To mi anka rubuta bisa kaina, ɗiyata?"

Ta dubi littattafan da ke jibge har rufin zaure.

"An ce kai babban malami na, Baba."

Ranar ta roƙi mahaifiyarta, Inna Hajo, ta aika Isa wurin magabatan Marwan, kada su wahalar da kansu da zuwa.

Marwan ya samu wurin da yake nema. Yanzu lacca yake yi kan ceto harshen uwa, da Turanci.

Malam kuwa har yau, duk sallah, sai ya tambayi me ya hana yaron nan mai ladabi dawowa.