Ranar Da Aka Fito Da Kayan Suwaiba

Suwaiba na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon kafinta yana ƙwanƙwasa allon gadonta kamar mai zaɓen kankana. Ya buɗe sif ya rufe, ya danna kujeru, sannan ya juyo wajen Kawu Sammani, ƙanen mahaifiyarta.

"Alhaji, tsakani da Allah kayan nan sun yi dubu ashirin da biyu. Fomekar ko ƙwarzane babu."

"Na saya talatin," in ji Kawu.

"A'a Kawu! Abin da kafinta ya yanke shi za ka ba ni. Kai ma aurar da ɗiyarka Ramla za ka yi, hidima na gabanka. In ka ƙara ya zama sadaka, in ka rage zumunci ya yi tsami. Kuɗin sun isa abin da likita ya ce."

Kawu ya girgiza kai, ya ce taurin kan nan na uwarta ne. Ya ƙirga mata kuɗin, suka yi sallama a kan gobe da hantsi zai zo da mota.

Wata huɗu ke nan da motar 'yan kamfen ta kwashe mijinta Siddiq daga kan babur ɗinsa na haya, ana tsakiyar hayaniyar zaɓen da ya mayar da soja bariki. Masu motar sun ci zaɓe, shi kuwa ya ci ƙasa. Sau biyu mai ɗori yana ɗora ƙafar tana bauɗewa, har miki ya fara wari. Likita ya ce in ba a kai shi Kano an yi aiki cikin sati biyu ba, sai dai a yanke. Yana kwance can gidan mahaifiyarsa Inna Asabe, lungu biyu tsakaninsu, kullum Suwaiba na kai masa abinci.

Ba ta gaya wa kowa za ta sayar da kayan ɗakinta ba, don ta san zuciyar Siddiq, ya gwammace a sare ƙafar da a ce ya ci gadon matarsa. To, nan ta yi wauta. A Ƙofar Durbi, in aka ga a-kori-kura a ƙofar gidan matar aure ana loda gado da sif, ba a tambaya. Kowa ya san aure ya mutu, dangin mace sun zo kwashe kaya.

Washegari, ba a gama ɗaure kujeru a mota ba ta ji ihu daga bakin lungu. Haruna ne, yayan Siddiq, idanu jajir, da ƙauraye uku a bayansa kowa da gora, Inna Asabe na biye mayafi a hannu.

"Butulu! Maciya amana!" Inna ta kurma ihu. "Da shina kawo maki tsire ai ba ki tahi ba! Yau don ya nakasa za ki gudu?"

"Inna ki tsaya ki ji..."

Wa zai ji? Haruna ya shaƙe wuyan rigar Kawu, ya kwaɗa masa mari har hula ta yi sama. Gora ta sauka a gilashin motar, tartsatsi ya watsu, direba ya ranta a na kare. Wani ya haye bayan motar ya rotsa madubin sif. Kawu ya faɗi, suka rufe shi da duka, dattijo mai furfura, yana kare kai yana salati.

Suwaiba ta fito ko takalmi babu, ta faɗa kan kawunta ta rufe shi da jikinta. Gorar da Haruna ya ɗaga ba ta san mace ba. Ta same ta a goshi, jini ya ɓalle ya wanke mata fuska.

"Haruna! Ka bari!"

Siddiq ne. Ya jawo jiki tun daga gidansu, da taɓaryar Inna ya dogaro, ƙafar na jan ƙasa, tsumman da aka naɗe ta da shi ya jiƙe sharkaf. Ya zube a gabanta yana haki, hawaye na zuba.

"Suwaiba, in tahiya za ki yi, ki tahi lahiya. Na san na zame maki kaya. Amma mi ya sa ba ki faɗa mani da bakinki ba?"

Wannan magana ta fi gorar yi mata ciwo. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin kuɗi da takardar likita, ta ajiye masa a cinya.

"Ina za ni? Saida kayan na yi ma Kawu don a gyara maka ƙafa! Jibi za mu Kano. Ni da in kwana bisa gado kai kana da ƙafa guda, gara in kwana ƙasa har in mutu!"

Gora ta suɓuce daga hannun Haruna, ƙaurayen suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Inna Asabe ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, ta durƙusa tana toshe goshin surukarta da mayafinta.

Suwaiba ta dubi fasasshen madubin, ta ce, "Kawu, a cire kuɗin ɓarnar."

Kawu Sammani ya tofar da jini, ya kakkaɓe hularsa. "Ciniki ya faɗa tun jiya, ɗiyata. Kayana aka fasa, ba naki ba. Ko kwabo ba ni ragewa." Ya juya ga Haruna. "Kai kau, don darajar yarinyar nan ba ni kai ka ga 'yan sanda. Ka biya mai mota gilashinshi, ka tahi da kunyarka."

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Bayan wata biyu Siddiq ya dawo yana taka ƙafarsa da sanda, Suwaiba na gefensa da tabo a goshi. Ɗaki fayau, sai tabarma da filo biyu, amma dariyarsu har waje.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mutane na cike da lungu, sai ga Haruna ɗauke da gadon ƙarfe a ka, gumi na tsiyaya. Gadon auren Inna Asabe ne, wanda shekara talatin ko jika ba ta bari ya hau. Ita ce ta zaɓi lokacin, kuma tana biye da shi tana faɗa da ƙarfi.

"Kun ga fitar kaya kun yi ta surutu, to ku buɗe ido ku ga shigarsu! Wannan ba suruka ba ce, ɗiyata ce!"

Haka duniya take. Wanda ya yanke hukunci da ido kafin ya tambaya da baki, wata rana zai zubar da jinin mai ƙaunarsa. Mace kuwa ba a auna ta da abin da ke cikin ɗakinta, sai da abin da za ta iya fitarwa daga ciki ranar da gida ya shiga uku.