Ƙugin Wayar Gafasa

Duk azumi ni ke jan wayar lasifika daga masallacinmu na Gafasa zuwa rumfar mata, ta tsakiyar gona. Kullum sai ta yi ƙugi, mata su kasa jin tafsiri. Bana na sayo waya mai rigar ƙarfe a ciki, na nesanta ta da ta janareto. Murya ta fito tas.

Bayan an watse ina naɗe wayar, sai ta ƙi tahowa. Na haska fitila. Wani dattijo ne ya taka ta, sanyi na fita daga jikinsa kamar bakin rijiya.

"Baba, ɗaga ƙafarka."

"Mai da tsohuwar wayar, yaro. Wannan ƙugin, mu ne muke cewa amin."

"Ba zan mayar ba. Iyayenmu mata suna son ji. In amin ce, Allah zai ji ba sai da waya ba."

Ya yi dariya. Bakinsa a gabana yake motsi, amma dariyar daga lasifikar rumfar mata take fitowa, can nesa. Janareto a kashe yake, kan wayar kuma yana hannuna.

Na ƙara naɗa ta a damtse.

"Baba, na ce ɗaga ƙafarka."